Tuwon da Na Tuƙa wa Yakubu a Ingila

Abokan aikina a masaƙa sun sha faɗa cewa ba za a taɓa ganin Shu'aibu na Tudun Wada riƙe da muciya ba, balle a gan shi a bikin ranar haihuwa. Na yi duka biyun a yini ɗaya, kuma yinin bai taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina babban mai kula da injinan saƙa. Masaƙarmu ta tura mu mu huɗu wata masaƙa a arewacin Ingila, mu yi wata goma sha takwas muna koyon sababbin injina, ni ne shugaban tawaga. Ƙa'idar ita ce, wanda ya komo kafin wa'adi ba shi da takardar shaida, ba shi kuma da ƙarin girma.

A wata na bakwai, Yakubu, makanikenmu ɗan Unguwar Boro, ya kawo mini takardar ajiye aiki. Ya rame, ya daina barkwancin da muka san shi da shi.

"Malam, ka sa hannu," in ji shi. "Lahadi, tara ga Nuwamba, zan cika talatin, rabona da tuwo tun Kaduna. Dankalin nan ya ishe ni."

Na ce ya ba ni zuwa Litinin. Na je wurin Baturen da ke shugabantar sashenmu, na roƙi wani tsohon sandan katako na inji da aka daina amfani da shi. Ya tambaye ni amfaninsa. Na ce akwai injin da ya tsaya a tawagata, da shi zan tayar. Ya sa hannu bai ƙara tambaya ba.

Na kankare sandan ya zama muciya, na wanke shi, na sayo garin shinkafa a shagon wani mutumin Pakistan, na ɗauko kukar da maiɗakina ta cusa mini a akwati. Ranar Lahadi bayan azahar na hau tuƙi, kamar yadda nake hango mata suna yi. Tuwo ya yi gudaji, gindin tukunya ya kama, ƙauri ya cika gidan.

Yakubu ya dawo daga coci, ya tsaya a bakin ƙofa yana shaƙa.

"Wa ya ƙona tuwo?" Da ya gan ni da sanda sai ya fashe da dariya har da hawaye. "Malam, da a masaƙa ne, wannan yadin ba zai wuce wurin dubawa ba!"

"Zauna ka ci, sarkin surutu."

Mu huɗu muka kewaye tukunya, har ƙanzon bai tsira ba. Sai ya tambaye ni tawa ranar haihuwar. Na ce ba ni da ita. Ɗaya ga Janairu da ke fasfona, magatakarda ne ya ƙaga.

"To na ba ka rabin tawa," in ji shi. Litinin ta zo, bai ta da maganar takardar ba. Tare muka komo da shaidarmu.

Ku matasa, ku ji: mun ƙware wajen gane inji mai ciwo daga ƙararsa, amma ma'aikaci shiru yake yi, aikin shugaba ne ya ji wannan shirun.

Yakubu ya rasu bara. 'Ya'yana suna neman ranar da za su riƙa taya ni murna. Kada su duba fasfo. Su rubuta tara ga Nuwamba.