Gadon da Ke Ƙarƙashin Fanka

Kwanana uku kacal a ɗakin jinya na maza lokacin da abin ya faru, kuma a cikin kwana ukun nan na riga na yi suna. Sabon likita ne ni a wancan lokacin, ina shekarar horo a wani asibiti a nan cikin Katsina. Farar rigata ko wanki uku ba ta sha ba, amma ina ji da kai kamar ni na gina asibitin.

Ga yadda na yi sunan. A rana ta biyu wani mai jinya ya biyo ni yana cewa ruwan da aka sa wa ƙanensa yana gudu da yawa. Na juyo a gaban kowa na daka masa tsawa, na ce, “Malam, kai ne likitan ko ni? In ka iya, ga rigar, karɓi.” Ɗaki ya yi tsit. Wallahi na ji daɗin tsit ɗin nan, don a wautata na ɗauka girmamawa ce.

Lokacin bazara ne, zafi ya kai inda ya kai, kuma fanka ɗaya ce rak ke aiki a ɗakin, wadda ke saman gado na huɗu. Mu ma'aikata da lambar gado muke kiran marasa lafiya. Gado na biyu ya ƙi cin abinci, gado na bakwai za a sallama, haka muke magana kamar gadajen ne ba su da lafiya. Fayil ɗin kowa yana rataye a ƙarshen gadonsa.

Bayan azahar abokin aikina da zai tashi ya tsaya a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, ya ce, “Jinin gado na huɗu ya iso, ka sa masa.” Ya wuce. Na ɗauko ledar jinin, na duba sunan da ke jikinta, na duba na fayil, sun yi daidai. Na sake dubawa, don an koya mana a duba sau biyu. Sistar da ta karɓi aikin rana, dattijuwa ce da ta fi shekara ashirin a aikin, ita ma shigowarta ke nan, ta duba takarda da takarda ta sa hannu. Wani dattijo ne kwance a gadon, mai furfura a gemu, da allurar ƙarin ruwa a hannunsa. Ya ce mini sannu da aiki, na amsa da ka. Na rataya jini, na buɗe, na koma tebur ina rubutu.

Ba a yi minti goma sha biyar ba ɗansa ya zo ya durƙusa a gefen teburina. Magidanci ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma sai da ya gaishe ni sau biyu kafin ya ce, “Likita, ka yi haƙuri hwa, Baba ne shina rawar sanyi.”

Rawar sanyi a wannan zafin? Na tarar da dattijon yana karkarwa har gadon na ƙara, ya dafe ƙugu yana salati, jikinsa zafi rau. Kafin in buɗe baki Sista ta rufe jinin ta sa ruwa. Idonsa ya fara lumshewa, sai ta ɗaga fayil ta kira sunan da ke jiki da ƙarfi don ta farkar da shi.

Daga can ƙarshen ɗaki, a gado na tara, wani ya ce, “Na'am.”

Na juya. Wani mutum ne fari fat saboda rashin jini, ya tashi zaune yana kallonmu. Na ce wa dattijon ya faɗi sunansa, ɗansa ya faɗa, ko kusa bai yi kama da na fayil ba. Na ɗura wa bawan Allah jinin da ba nasa ba, irin kuskuren da kan kashe ƙoda, wani lokaci ya tafi da mutum ɗungurungum.

Muka yi ta ɗura masa ruwa, aka sa robar fitsari, abin da ya fito baƙi ne kamar shayin da ya daɗe a wuta. Aka kira babbar likitar sashenmu. Kafin ta iso na isa gado na tara, raina a ɓace, ina neman wanda zan ɗora wa laifi.

Mutumin da ya amsa tela ne daga Kambarawa, gyambon ciki ya zubar masa da jini. Shi ne mai gado na huɗu na asali. Da hantsi ya ga rana ta taga tana dukan dattijon, wanda ciwon suga ya kwantar saboda rauni a ƙafa, sai ya ga bai kamata shi yana shan iska sa'an mahaifinsa na gasuwa ba. Ya tashi ya ba shi gadon, shi ya koma nasa. Fayil kuwa ba wanda ya taɓa, don kayan likita ne.

Na ce, “To da ka ga na rataya jinin, ba ka san naka ba ne?”

Ya ce, “Na sani, likita. Wana ne ya bada shi jiya.”

“Ka sani ka yi shiru?”

Ya sunkuyar da kai. “Na zaci ka ga Baba babba ne, shi za a hwara ba. Kuma jiya ka ce kada a sa maka baki.”

Na duba ɗakin. Majinyata da masu jinya sun fi mutum ashirin, kowa ya kawar da ido. Dukkansu sun ga an sauya gado, dukkansu sun ga na ɗauko jini na nufi wanda ba shi ba. Ɗan dattijon ma ya san ba a taɓa cewa mahaifinsa na buƙatar jini ba. Ni na rufe musu baki da hannuna, kwana ɗaya kafin in buƙaci su yi magana.

Na shirya shan zagi daga babbar likitar, har na fi son ta zage ni. Ba ta yi ba. Da ta gama duba dattijon ta ja ni baranda ta ce, “Takarda ka duba sau biyu, mutum ko sau ɗaya ba ka tambaya ba. Kana jira sai ka zama babba ka shugabanci ɗaki? Tun ranar da ka shigo kake shugabantarsa, ga kuma abin da ka koya musu.” Ta sa na rubuta rahoto da hannuna, ta ce ni zan tsaya gaban sauran sababbin likitoci in ba da labari ba ragi, kuma ni zan kawo gyara. Gyaran bai da wani wuya, abin kunya. Filasta muka riƙa liƙa wa kowa a hannu da sunansa, ba a sa jini ko allura sai mutum ya faɗi sunansa da bakinsa. Kullum da safe kuma sai in tsaya tsakiyar ɗaki in ce duk wanda ya ga abin da bai gane ba ya tsayar da ni. Makon farko ba wanda ya yarda da gaske nake.

Amma wannan duk daga baya ne. Kwana huɗu na yi ina zarya wajen ledar fitsarin dattijon, ina auna abin da ya taru, ina roƙon Allah kada a kai ga wankin ƙoda. Ran na biyar fitsari ya sake, ya fara haske, gwaji ya nuna ƙodar na farfaɗowa. Na shiga ɗakin likitoci na rufe ƙofa na yi kuka.

Da la'asar na je in faɗa masa gaskiya, don har lokacin ban iya haɗa ido da shi ba. Na ja kujera na zauna, na ce, “Baba, abin da ya same ka, ni na yi kuskure.”

Ya kama hannuna da hannayensa biyu, ya ce, “A'a, ɗana, kada ka ce haka. Ni ne na bar inda aka aje ni saboda kwaɗayin iska, na ɓata maka aiki, aka yi maka hwaɗa saboda ni. Kwana huɗu ina son in roƙe ka, ina jin tsoro. Don Allah ka yi mani gahwara.”

Na ce ba haka ba ne, na sake faɗa, na rantse masa. Bai saki hannuna ba, yana ta jiran in ce na yafe.