Shekarun da Na Ɗora wa Tafinta

A Mansur, wata unguwa a Makka, akwai wani ɗan Afghanistan mai gasa tamis, faffaɗan burodin nan da muke ci da ful, dafaffen wake, da safe. Shekara huɗu ina saye a wurinsa, hirarmu ba ta wuce "kam habba?", wato guda nawa, ba. Ni ɗalibi ne daga Kano, hayata tana Ka'akiyya, amma cikina ya fi sanin Mansur.

Wata safiya ya riƙe mini hannu da hannunsa mai gari.

"Ya ustaz, an ce ku 'yan Nijeriya kun iya Ingilishi."

Ƙaninsa ne ya yi wa sojojin Birtaniya tafinta a ƙasarsu. Da sojojin suka kwashe kayansu suka tafi, sai suka bar shi a Kabul da mace da 'ya'ya mata biyu, yana sauya gida saboda masu nemansa. An ce akwai hanyar kwaso irinsu zuwa Birtaniya, amma sai an cike fom. Ƙanin yana tsoron cike shi ta intanet daga inda yake, sai ya turo wa yayan hotunan takardunsa.

Na cike a tsaye, kusa da tanda, ina jin kaina. Da na zo kan ranar haihuwa, na ga shekarar Hijira a katin ƙanin. Wannan ai aikinmu ne na kullum a Makka, iƙama, takardar izinin zama, ma haka muke yi mata. Na juya ta zuwa ta Miladiyya ban ko tsaya tunani ba, na aika.

Bayan wata biyar amsa ta zo: ba su da wani mai wannan suna da wannan shekarun.

Na sake duba fom ɗin, sai na ga abin da na yi. Na mayar da mutumin tsoho ɗan saba'in da wani abu. Ashe Hijirarsu da rana suke ƙirga ta, tamu da wata, tazarar ta haura shekara arba'in. Wata biyar na ɓuya ni na ƙara masa da hannuna. Kunya ta kama ni har na kwana uku ban bi ta Mansur ba.

Wani dattijo Bahaushe haifaffen unguwar Tandabawi, mai sayar da turare, da na ba shi labarin, ya ce mini, "Ya waladi, rabu da shi, khalas. Wanda ya yi wa Nasara aiki ai shi ya jawo wa kansa."

Na ce, "Baba, kakana ya bi su yaƙin duniya a ƙasar Bama, ya dawo da tari da lambar ƙarfe. Shi ma shi ya jawo wa kansa? 'Yan matan nan biyu kuma wa suka yi wa tafinta?"

Ya kau da kai. Ni ma ban ba shi haƙuri ba.

Na koma wurin mai tamis na faɗa masa gaskiya, kuskuren nawa ne. Bai zage ni ba, da ma ya zage nin da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi mu sake rubutawa, kuma in cika wasiƙar da roƙo.

"Ka ce muna roƙonsu, ya ustaz. Ka ce mu miskinai ne."

Na ce wallahi ba zan rubuta ba. Laifina na amsa shi a layin farko, na bayyana musu kalandar dalla-dalla. Amma mutumin da ya shiga gabansu ƙauye-ƙauye da fuskarsa a buɗe, su suna bayansa da sulke, ba sadaka yake nema ba.

Mai tamis ya tsorata, ya ce kada in ɓata musu rai. Na fassara masa layin ƙarshe da Larabci, ya manta da burodi har ya ƙone a tanda, sannan ya ce in aika haka.

Abin da na rubuta shi ne: idan ku kun kasa gane shi, masu nemansa sun gane shi, kuma ba su nemi fom ba.