Madubin da Inna ta Darza da Toka

Ƙanwata ce ta jawo mana wannan haukan a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin ɗaukar hoton ƙashi, na ɗauka babu mai koya mini komai a kan hasken eksire. Sai ga 'yar nan, daga gama digirinta na kimiyya, wai taurari ma suna fitar da shi, har ana harba madubi sama ya kamo shi. Na ce hasken da yake ratsa ƙirjin ƙato ne zai tsaya wa madubi? Ta ce gefe yake shafa ya zame, kamar tsakuwar da aka wurga ta yi tsalle a kan ruwa. Shi ya sa madubin kamar bututu yake, kuma dole ya fi komai santsi.

Gurbin karatu take nema a waje. Za a yi mata intabiyu ta kwamfuta, ta kuma rantse sai ta nuna musu abin da ta ƙera da hannunta. Gilas muka fara gwadawa, domin masu ƙera irin madubin a can waje gasa shi suke a kan lanƙwasasshen ƙarfe har ya yi laushi ya kwanta. Muka kai shi murhun maƙwabciyarmu, 'yar Filato mai yin burodi. Ya fashe tas! Matar ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta ce saura mu gasa mata tagar ɗaki.

Muka koma kan fallen alminiyam siriri, muka ɗaure shi a jikin bututun ƙarfe, muka gasa. Wallahi ya lanƙwasu. Mu uku har da mai burodin, manya da mu, muka yi ta tiƙar rawa a tsakar gida. Ƙanwata ta yi kwanaki tana lallaɓa shi da auduga, ko numfashi ba ta yarda a yi masa ba.

Ranar intabiyu da hantsi, Inna mahaifiyarmu ta gan shi, bai yi mata ƙyallin da take so ba. Ta samo toka da soson ƙarfe ta darje shi kamar gindin tukunya, ta miƙa mata tana fara'a.

"Ungo. Kada Turawa su ce ba ki da uwa."

Duk ya kakkarce. Raina ya ɓaci ƙwarai, na buɗe baki, ƙanwata ta taka mini ƙafa. Haka ta ɗaga wa masu intabiyun shi idonta jawur, ta nuna musu zane-zanen da soson ya yi, ta yi bayanin yadda kowanne zai watsar da hasken, ta kuma faɗi wadda ta yi aikin. Ina laɓe a bakin ƙofa ina jin dariyarsu.

Da saƙo ya zo sun ɗauke ta, na rangaɗa guɗa har mai burodi ta shigo da gari a hannunta. Muna ta tsalle, sai muka ga Inna ta zauna a kan turmi. Can ta dubi ƙanwata.

"Da na san ɗauke mini ke za su yi, da na darje shi har ya huje."