Surukina a Layin Leburori

Aikina a wurin gini da baki nake yin sa. Ban iya ɗora bulo ba, ban iya lanƙwasa rodi ba. Abin da na iya shi ne in sa tifar yashi ta iso kafin magina su zauna, in bi sawun motar siminti tun daga Sakkwato, in kuma daka wa leburori tsawa har mai barci a tsaye ya farka. Don wannan muryar ɗan kwangilar da nake yi wa aiki ya riƙe ni. Da ya samu ginin makaranta mai bene a Isa, sai ya ɗauko ni daga Sabon Birni ya ce in tayar da shi kafin ruwa ya sauka.

A shekarar mutanen ƙauye da yawa sun baro gonakinsu saboda rashin tsaro, sun tare cikin gari. Kullum safiya layin masu neman leburanci sai ya wuce tulin tsakuwa. Ina bi ina nuna mutum da yatsa, wanda na nuna ya ɗauki kwano. Ran nan yatsana ya tsaya a kan surukina, mahaifin matata, manomin Kamarawa wanda bai taɓa cin hatsin wani ba. Shi ma bai san ni ne a wurin ba, yana zaton ina can Sabon Birni.

A wurinmu ba ka kiran sunan surukinka, ba ka haɗa ido da shi, ba ka cin abinci a gabansa, ba ka ɗaga murya inda zai ji. Na tuɓe takalmi a kan tsakuwa na durƙusa, leburori suna kallon mutumin da jiya ya kira su matattu yana murza ƙasa da ɗan yatsa. Kunya ta rufe ni. In na tsallake shi na kori surukina, in na ɗauke shi na ɗora masa kwano a ka.

Sai na ƙirƙiro masa aiki. Na ce, idona a ƙasa, "Baba, muna bukatar mai tsaron durom ɗin ruwa, can ƙarƙashin darbejiya."

Ya dubi durom ɗin, wanda ƙarti huɗu ba za su ɗaga ba. Ya ce, "Malam, wa za ya sace wanga abu? Aiki ni taho yi. In babu, hwaɗa min babu."

Ya sunkuya ya ɗauki kwano da kansa.

Daga ranar muryata ta mutu. Ni da ake jiyo ni daga bakin titi, na koma ina cewa "don Allah a ɗan hanzarta". Tuwon rana kuwa a bayan buhunan siminti nake cin sa a ɓoye, kamar yaron da ya karya azumi. Leburori ba su da imani. Da sun hango ni na taho da fushi, sai su matsa kusa da tsohon su jingina da shebur, wani ma ya ce, "Oga, yau ba ka da lahiya? Ba mu jiya ka ba." Direban tifa ya gano lagona, ya riƙa zuwa bayan azahar yana juye yashi daidai inda surukina yake. Aiki ya ja baya. Ɗan kwangila ya kira ya ce in ba a zuba kankaren bene a makon ba, zai kawo wanda ya iya.

Zubin kankare ba ya son tsayawa. In an fara sai an gama, don in wani gefe ya bushe kafin a haɗa shi da sabo, nan ginin zai tsage. Mutane kan jeru daga ƙasa har saman tsani suna miƙa kwano, kuma tsawa ce ke tafiyar da layin. Na rasa yadda zan yi ta a kan mutumin da ya ba ni 'yarsa.

Ranar zubin surukina bai zo ba. Na duba layi sau da yawa, babu shi. Sai na buɗe maƙogwaro, na huce duk abin da na haɗiye, kafin la'asar mun rufe benen. Na ji daɗi ƙwarai, kuma wannan daɗin shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa.

Da na koma gidan da muka kama a Isa, matata ta ce babanta ya biyo da sassafe. Ta ce, "Ya ce in hwaɗa maka ya samu wani wuri. Wai mutum biyu ba su rasa abinci don kunya, ɗaya ya isa ya kauce." Ta juya ta ci gaba da tankaɗe. Na aika masa da buhun gero, ya karɓa don 'ya'yan gidan, amma bai dawo ba.

Bayan kwanaki na hau babur zuwa wurin masu buga bulo a hanyar Bafarawa, in ga ko namu sun bushe. Tun daga nesa na ji wani saurayi, wanda bai kai ƙanena ba, yana cewa, "Kai tsoho, ɗaga ƙahwa, ba gonarka ta ba!" Surukina ne, da bulo a ka. Ya amsa da "to, to", har da 'yar dariya, ya ƙara sauri. A wurina ban taɓa ganin ya saki jiki haka ba.

Sai ya hango ni. Ya kamata in sauka in tuɓe takalmi in durƙusa, amma in na yi haka ya san na ji. Kafin in yanke shawara ya juya fuskarsa ga bango, ya tsaya yana gyara gammonsa, yana ba ni hanya. Na wuce ban tsaya ba. Bulon ma wani na aika ya dubo.