Baji Shagufta da Layin da Ta Ƙi Gogewa

Kowace safiya, tun masu shaguna a titin Hall Road na birnin Lahore ba su gama ɗaga ƙofofinsu ba, Shagufta Warraich, wadda kowa ke kira Baji, wato Yaya, ta riga ta sauko daga keke mai ƙafa uku da jakarta a kafaɗa. Ba ofis take fara nufa ba. A teburin Chacha Boota take cin burki, tsohon nan mai sayar da wayoyi 'yan hannu a gindin matakala, ta yi masa tambayar da ta saba: wace waya mutane suka fi ɗauka a makon nan?

"'Yata, ke dai kullum tambaya, babu ciniki," haka yake ce mata. "Da tambaya kuɗi ce, da tuni na sauke farali."

"Kai ma Chacha kullum ƙorafi. Miƙo mini waccan mai fasasshen gilashi, da yamma ka ga abarka."

Sai ya miƙa yana gunaguni. Ita kuma ta haura ɗakin da ƙungiyarmu ta masu gina shafukan intanet a nan Lahore take haya, a saman wani shagon lasifika da ba ya barin kowa ya ji kiran sallah. Ta sa a kawo mata shayin madara, ta baje wayoyi a kan tebur, wata an ɗaure batirinta da roba, wata sai an dafe cajarta da littafi kafin ta ɗauka. Daga nan har la'asar gwaji take yi.

Bari in faɗi abin da take gwadawa, don wanda ba ya cikin sana'armu. Kowane shafin intanet ta cikin burauza ake buɗe shi, kuma burauza iri-iri ce. Dabarar da ta yi aiki lami lafiya a wannan, tana iya ƙin motsi a waccan. Shi ya sa ƙungiyarmu ta kafa wani allo a intanet: dabaru a jere daga sama zuwa ƙasa, kowace burauza da layinta, kowace mahaɗa da gidanta. Kore yana nufin ka yi gininka hankali kwance. Ruwan ɗorawa, ka yi taka-tsantsan. Ja kuwa, ka nemi wata hanya. Dubban mutane ne suke leƙa allon nan kafin su fara aiki, kuma ba na jin goma a cikinsu sun san wace ce ke bayansa. Baji Shagufta ce, shekara da shekaru, da digirinta biyu da tabarau ɗinta mai igiya.

Ƙa'ida biyu ta kafa tun ranar farko. Ta ɗaya, gida ba ya zama kore don masu burauza sun fitar da sanarwa, sai an riƙe waya a hannu an ga abin ya yi aiki. Ta biyu, duk wanda ya taɓa allon, ko launi ya canza ko layi ya cire, sunansa yana manne da canjin a bainar jama'a, kuma ba ya goguwa. Ita kanta ba ta tsira daga wannan ƙa'idar ba, kura-kuranta suna nan da sunanta ga mai son dubawa.

Akwai kuma layin ƙarshe, can gefen allon, wanda ita ce ta ƙara shi da hannunta. Layin ƙaramar burauzar nan ce da ke zuwa a cikin wayoyi masu araha, irin waɗanda Chacha Boota yake sayar wa direbobi da masu aikin masaƙa da matan da suka zo birni aikatau. Wannan layin ja ya fi yawa a cikinsa. Saboda shi samarin sana'armu suka laƙaba mata Baji Ja, kuma sunan bai taɓa damunta ba.

Ku tambayi Nosheen Bajwa, ita za ta ba ku labari. Lokacin da take gina shafin karɓar layin ganin likita na wani ƙaramin asibitin haihuwa a Sheikhupura, ta so ta yi amfani da wata sabuwar dabarar zaɓen rana, mai kyan gani da sauƙin haɗawa. Ta leƙa allo, ko'ina kore, sai layin ƙarshe ja. Ta bugo waya ranta a ɓace.

"Baji, don Allah wannan jan naki gaskiya ne ko dai kin saba ne kawai? Ni fa na gwada a wayata, yana yi!"

"Wayarki nawa kika saye ta?"

Baji ta ɗora da cewa:

"To zo ki sha shayi."

Da ta zo, Baji ba ta yi mata wa'azi ba. Ta ɗora mata wayar nan mai roba a tafin hannu ta ce ta zaɓi ranar awo. Nosheen ta danna, ta sake dannawa, ta danna da ƙarfi har yatsanta ya yi fari, shafin ko gezau. Ta koma ta rushe aikin kusan mako guda ta sake shi da tsohuwar hanya, tana yi tana mita. A yau mata masu juna biyu suna karɓar layinsu da wayar miji ko ta ƙane, ba sai sun yi sammako sun hau mota a banza ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ta taɓa jin sunan Shagufta.

Ke ce, Baji, kika koya mana cewa "yana yi a wayata" ba hujja ba ce. Ke ce kike tunawa da mutumin da ba ya zuwa taronmu, ba ya rubuto mana ƙorafi, idan shafi ya ƙi buɗe masa sai ya ɗauka shi ne bai iya ba, ya mayar da wayarsa aljihu cikin kunya. Na sha ganin yadda ranki yake ɓaci idan aka zo wannan maganar, kuma ina son wannan ɓacin ran naki.

Yanzu ga abin da ya sa nake wannan rubutu, kuma ba zan yi kwana-kwana ba.

Hayar ɗakin nan da albashin Baji wani kamfanin biyan kuɗi ta waya ne yake ɗaukar nauyinsu. Ba zan kama suna ba, sun san kansu. A bana suka gina sabon shafinsu a kan wata dabarar shiga da dangwala yatsa, suka shiga tallata shi ga masu masaƙu, wai da shi za a riƙa biyan ma'aikata. Wasu masu masaƙun suka sa yaransu na kwamfuta suka duba allonmu, suka ga ja a layin ƙarshe, suka fara tambaya: to ma'aikatanmu fa, da wace waya za su shiga? Ciniki ya fara tangal-tangal.

Ranar wata Laraba sai ga wani mutumin kamfanin a zaman kwamitinmu, da kwalin alawa a hannu da murmushi har kunne. Ina cikin kwamitin, a kan idona aka yi komai. Shugabanmu, Hamdani Sahab, shi ya fara magana. Ba mugun mutum ba ne, shi ne dai mai gidan haya yake tarewa a matakala duk ƙarshen wata.

"Baji, ba wanda ya ce ki yi ƙarya. Ba a ce ki mayar da ja kore ba. Layin kawai za a cire, a huta. Waɗannan wayoyin sun kusa ƙarewa."

Mutumin kamfanin ya karɓe: "Madam, mun duba masu shiga shafinmu. Masu irin wannan burauzar ba su taka kara sun karya ba."

Baji ta sauke tabarau ɗinta ya rataya a ƙirji.

"Ɗan'uwa, ka kulle ƙofa, sannan ka ƙirga waɗanda ke cikin ɗaki ka ce ai babu kowa a waje? Sauka ƙasa ka tsaya wajen Chacha Boota na awa ɗaya, ka ga wayar da ake saye. In ka dawo sai mu ci alawar tare."

Aka yi 'yar dariya, amma dariyar ba ta hana komai ba. Mutumin ya faɗa a fili, cikin ladabi, cewa idan layin ya ci gaba da zama kamfaninsu zai sake tunani a kan tallafi. Aka kaɗa ƙuri'a. Ni da wani muka ce a bar layin, sauran suka ce a cire, suka rinjaye mu. Hamdani Sahab ya juya gare ta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kin ji hukuncin kwamiti, Baji. Ki cire."

Kowa a ɗakin ya san abin da ke gabanta. Ta doshi hamsin, mahaifiyarta tana kwance a gida, kuma a sana'armu ba a rububin ɗaukar mace mai furfura. Ita ma ta sani sarai.

"Na ji, Sahab, kuma ban raina kwamiti ba. Amma da hannuna dai a'a. Kowannenku yana da mabuɗin shiga allon nan." Ta juya kwamfutar ta tura ta tsakiyar tebur. "Ga shi, dannawa ɗaya ce. Wanda ya ɗaga hannu ɗazu ya matso ya goge, sunansa ya hau."

Babu wanda ya matso. Ashe ɗaga hannu cikin taro abu ne mai sauƙi. Amma a ce gobe duk mai gina shafi daga Karachi har Peshawar ya buɗe allo ya ga sunan wane ɗan wane a matsayin wanda ya share wayar talaka, wannan kam babu mai so. Wani ya zaro waya ya kara a kunne ya fita, alhali ba mu ji ta yi ƙara ba. Wani ya duba agogo ya ce la'asar tana wucewa. Hamdani Sahab ya daɗe yana kallon kwamfutar, har ya kai hannu, sai ya ɗauki kofin shayinsa. Mutumin kamfanin ya tashi ya tafi, ya bar mana alawarsa.

Da ma a nan labarin ya tsaya. Bayan kwana kaɗan kamfanin ya ce zai ci gaba da biyan haya, amma ban da albashin mai kula da allo. Kwamiti ya karɓa. Hamdani Sahab da kansa ya hau ya gaya mata, aka kuma soke mabuɗinta a ranar. Na tarar da ita tana nannaɗe wayoyin caja ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata abin ya yi mini ciwo, don ya yi mini, har yanzu ma yana yi.

"Mubashir, bar ɓata hawayenka," ta ce. "Sun fi ka wayo. Ba sai sun goge ba. Layin da ba a gwadawa, wata uku ya isa ya zama ƙarya, daga nan kowa zai ce a cire shi, kuma da gaskiyarsa."

Wannan ita ce dabarar, kuma ina so duk mai karanta wannan ya gane ta. Layin yana nan har yau, babu wanda ya iya sa sunansa ya share shi. Jira suke ya tsufa ya mutu da kansa, hannun kowa a wanke.

Baji Shagufta, mun gode. Na gode a madadin Nosheen, da duk direban da ya duba sakamakon jarrabawar 'yarsa a gefen titi, da duk wanda shafi ya buɗe masa bai san an yi faɗa a kansa ba. Mai jan da kuɗi ba ya saye, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba mahaifiyarki lafiya, Ya buɗe miki ƙofar da ta fi wadda aka rufe.

Ku kuma 'yan'uwana masu gina shafuka, tafi da yabo ba za su riƙe layin nan ba. Kowannenmu yana da tsohuwar waya a gida, ko ta mahaifiya ko ta mai gadi. Ku ɗauko ta, ku gwada abin da kuka gina a kanta kafin ku ce kun gama. Wanda yake da gurbin aiki kuma, ya san inda zai sami wadda ta fi kowa cancanta.

Mako mai zuwa sabon zubin ƙaramar burauzar zai fito, dole a sake gwada layin daga sama har ƙasa. Baji ta ce ranar Litinin da safe za ta zauna a benci kusa da teburin Chacha Boota ta yi gwajin, ba albashi, ba ofis. Abin da ba ta da shi kawai shi ne mabuɗin da za ta shigar da sakamakon. Ni nawa ba a soke shi ba tukuna. Na san kamfanin nan yana cikin masu ba ni aiki, na kuma san za su buɗe allo su ga wanda ya shigar. To kada su wahalar da kansu wajen bincike. Sunana Mubashir Cheema, kuma ranar Litinin ina kan bencin.