Takardar da Ta Hana Aminiyata Gudu

Muna aji huɗu a wata sakandaren 'yan mata a Tarauni wasu mata biyu suka zo da takardu. Suka ce za su ɗauki ɗalibai kaɗan su riƙa horar da su gudu duk Asabar, amma sai mun amsa tambayoyi tukuna. Tambayoyin duk kusan iri ɗaya ne: yaya ƙarfin gwiwarki na fita motsa jiki idan kin gaji, idan ana ruwa, idan ba abokiyar tafiya? A zaɓa daga ɗaya zuwa goma.

Aminiyata ta fi kowa gudu a ajinmu. Daga Gyaɗi-Gyaɗi take zuwa a ƙasa. Mahaifinta, direban bas, ya hana ta gudu tun da ta fara girma, ya ce ba zai ji 'yan adaidaita suna yi da 'yarsa ba. Sharaɗinsa ɗaya, ba zai bar ta ba sai in makaranta ce ta aiko a rubuce. Wannan horon ne kaɗai hanyarta.

Ni kuwa ko aikena aka yi sai na nemi inuwa. Amma na zuba goma daga sama har ƙasa, ko kunya babu. Na leƙa takardarta na ga uku, huɗu, uku. Na zungure ta na ce ta goge.

"A gidanmu ba a cewa na iya," in ji ta. "Kuma ta ina zan san gobe? In sun gan ni a fili za su gane."

Ba su kai mu fili ba. Takardun suka tattara suka tafi. Bayan mako biyu aka karanta sunaye a taron safe, nawa na ciki, nata babu. Malamar wasanni ta sa baki, aka ce mata an riga an rufe.

Na yi niyyar in je in ce ƙarya na yi, a ba ta gurbina. Ban je ba, don takalmin da aka raba mana ya yi min kyau. Asabar uku na yi na daina zuwa. Har yau abin yana ci min rai, kuma na fi jin haushin kaina a kan na matan nan.

Ba ta taɓa yi min gori ba. Ranar da na faɗa mata na daina, muna tsaye a bakin famfo. Sai ta tambaye ni ko filin yana da tsawo kamar yadda ake faɗa. Na ce mata ban sani ba, ban taɓa kaiwa ƙarshensa ba.