'Ya'yan Rimi a Matashin Gwaggo

Ina da shekara ashirin da 'yan kai nake aiki a wani lambun renon itatuwa a kudancin Jidda, wanda muke kira mashtal. Darbejiya muka fi shukawa, a gwangwanayen mai da muke huda wa gindi. A Sudan aka haife ni, ban taɓa taka ƙasar Hausa ba.

A shekarar ne gwaggona ta taso daga ƙasar Hausa, ta sauka daga jirgin ruwa za ta sauke farali, da ƙullin kayanta da wani matashin kai da ba ta rabuwa da shi. Wata rana da hantsi ɗinkinsa ya farke, wata auduga mai santsi ta tashi tana shawagi a hasken taga, ta ƙi sauka. A cikinta na ga baƙaƙen ƙwayoyi kamar masoro.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"'Ya'yan rimi ne, ɗan nan. Bana na tsinci audugar a bakin kasuwarmu."

Ta ce mutum goma ba sa zagaye gindinsa da hannu, shirwa ce kawai ta san ƙarshensa. Ina sauraro ina kallon rufin kwanonmu, sai na ga kamar inuwa ta rufe unguwar.

Na kai ƙwayoyin wa shugabanmu, wani dattijo Bayamane. Ya jujjuya su a tafinsa, ya ce, "Halas, shuka. Amma ƙasar nan gishiri ce, yā waladi, ɗana."

Na jiƙa su, na shuka a gwangwani ashirin. Uku suka tsiro. Kullum da azahar nakan kwanta kusa da su a ƙarƙashin rumfar kaba, iskar teku na kaɗawa, ina jin hayaniyar kasuwar da ban taɓa ci ba. Gwaggo ta koma gida kafin su yi ganye na huɗu. Zafi ya ƙone biyu.

Na ukun ya kai ƙuguna. Na tsinki ganyensa ɗaya mai yatsu kamar hannu, na ba wani alhajin garin su Gwaggo ya kai mata. Bayan wata biyu, ranar da zazzaɓi ya hana ni fita, mota ta zo kwasar dashe, aka haɗa da ɗan rimin. Direban bai tuna titin da ya sauke shi ba.

Da Hajji ya zagayo, saƙon Gwaggo ya iso da baki. Ta ce ganyen rimi ne kam, sai dai ya rame, a ƙara masa ruwa.